Ido Na Biyu

Tun ranar da jar motar nan ta shigo gareji, Mai Kunne bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Shekara ashirin da biyu yana kanikanci, da jin kukan inji yake faɗin ciwonsa, abin da ya jawo masa wannan suna ke nan. Amma da wani lauya ya kawo motarsa ta tsere, mai ƙofa biyu, mai inji a baya, sai ya wuce shi kamar bai gan shi ba.

"Auta nake nema," in ji lauyan. "An ce shi ya san kan irin waɗannan."

Auta! Ƙanensa da ya koya wa riƙon sifana da hannunsa. Mai Kunne ya yi murmushin yaƙe ya nuna masa shi, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

Aikin canja tiyon ruwa ne, wanda ke kai ruwan sanyaya inji daga lagireto a gaba har zuwa baya. Kwana biyu Auta yana ƙarƙashinta, masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto. Har mai sayar da taya na maƙwabta ya leƙo yana tsokana: "Babban yaya, an bar ka da akwala, ƙane ya tafi da amarya!" Kowa ya yi dariya, har da Mai Kunne, amma tasa iyakarta leɓe.

Garejin yana da doka tun zamanin mahaifinsu: mota ba ta fita sai ido na biyu ya duba aikin. Don haka da Auta ya gama, ya goge hannu ya zo.

"Yaya, taimaka ka duba mini."

Mai Kunne ya kwanta ya shiga ƙarƙashi da tocila. Aiki ya yi kyau, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. Sai a tiyon ƙarshe, kusa da tayar baya, ya ga zoben ƙarfen da ke matse tiyon bai zauna daidai ba, ya hau kan bakin bututun maimakon ya shige bayansa. Ga ɗigon koren ruwa guda yana lilo. Aikin minti ɗaya ne da sukundireba.

Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Ya ce a ransa, bari ta zubar da ruwa a hanya, ta ɗau zafi, a jawo ta da igiya a gaban kowa, sannan lauya ya san wane ne babba a nan. Ya sa babban yatsa ya share ɗigon ya fito.

"Ta yi," ya ce.

"Na gode, Yaya. Bari in zaga da ita kafin mai ita ya zo."

Ba a yi rabin awa ba waya ta yi ƙara. Da inji ya ɗau zafi, tiyon ya fizge gaba ɗaya, ruwan ya kwarara kan tayar baya daidai kan kwana. Ruwan nan santsi gare shi kamar sabulu. Motar ta juya ta daki ginshiƙin gada ta ɓangaren direba.

Aka jawo ta gareji da igiya a gaban kowa, kamar yadda Mai Kunne ya so. Lauyan ya tsaya a kansa yana huci.

"Kai ne babba, gaya mini ina ruwan ya tafi."

Mai Kunne ya zaro ma'aunin baƙin mai, babu ruwa a ciki, gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai a inji, bai ƙone ba ke nan. Ya duba lagireto, babu huda. Ya yi ta zagaya motar yana taɓa nan yana taɓa can, yana neman abin da ya riga ya san inda yake.

A asibiti ya tarar da mahaifiyarsu zaune a bakin gado. Likita ya ce ran Auta ya tsira, amma hannunsa na dama ba zai ƙara damƙe sifana ba. Lauyan ya biyo shi har ɗakin, ya ce wani ya leƙa ya ga tiyo a cire.

Auta ya girgiza kai a kan matashi. "Ranka ya daɗe, ba dai daga aikinmu ba. Sai dai in tiyon ne jabu. Yayana ya duba da idonsa, shi kuwa ko ɗigo ba ya wuce shi." Ya juyo da fuskarsa da ta kumbura. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Mai Kunne ya dunƙule babban yatsansa a cikin tafin hannu.

Jama'a, mai hassada yana zaton shi zai tsara iyakar ɓarnar da yake fata, alhali ba a hannunsa take ba. In ka ga kuskure a aikin ɗan'uwanka, faɗa masa tun yana ɗigo.