Marurun Ɗan Kokawa

Kwana goma sha ɗaya ke nan zazzaɓi bai saki Zahur ba, ga babbar kokawar da zai shiga a birnin Gujranwala saura mako biyu. Matarsa Parwin ta kasa zaune ta kasa tsaye. Mutumin da ke shanye tulun madara a zama ɗaya, yau gurasa guda ta gagare shi.

Abin ya faro ne daga maruru a cinya. Ustaz Buta, mai koya musu kokawa, ya matse shi da yatsu, ya dumbuzo ƙasar filin kokawa ya shafe wurin. A wajen Ustaz, ƙasar nan da ake kwaɓawa da mai da kurkum babu ciwon da ya fi ƙarfinta. Marurun kuwa ya bushe, amma sai ga ciwon kwiɓi da rawar sanyi.

"Baban Rukhsana, mu je asibiti," in ji Parwin. "Jikinka kamar tanderu."

Ustaz da ya zo dubiya ya kwashe da dariya. "'Yata, jijiya ce ta hau. Shekara arba'in ina gyara ƙarti, likita ne zai koya mini gyaran baya? Ko so kike a ce mijinki ya ji tsoron karo ya ɓuya a gadon asibiti?"

Zahur ba ya iya musu da malaminsa. Aka kwantar da shi, ƙarti biyu suka hau tausa, har da taka baya. Parwin na jin nishinsa daga bayan labule. Maganin da aka sayo a kemis ma, kwana biyu ya sha ya watsar da zazzaɓin ya ɗan lafa.

Ranar da ya fara sambatu, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kira yayanta suka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likita ta daɗe tana duban hoton cikinsa. "Ƙwayar cutar marurun ce ta bi jini ta tara mugunya a ƙoda, tana sakin dafi. Da kun zo da wuri, da siririn bututu za mu zuƙe ta, mu bi da allurai. Yanzu ta cinye ƙodar."

A ranar aka yi tiyata aka cire ta. Zahur ya rayu, amma shi da kokawa har abada, yana ɗan shekara ashirin da shida.

Jama'a, maruru ba abin matsewa ba ne. In zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka biyo bayansa, a garzaya asibiti, a kuma shanye maganin da likita ya rubuta har ƙarshe. Girman malami ba ya mayar da shi likita.