Zoben Tanimu Ya Huce

Da Tanimu ya san abin da ke jiransa a shagon aski, da ya bar gashinsa ya yi ta tsawo.

Tun da aka kafa dokar zobe, kowane uba a Funtuwa yana sanye da zoben da ke haɗe da na ɗansa, yana ɗumi, yana nuna inda yaron yake. Wata biyu ke nan da ɓatan ɗansa Mujittaba, mai shekara goma sha shida, kuma kowa a gari da nasa hasashen.

"Ɓarayin zobe ne suka ɗauke shi," in ji Ilu mai aski.

"Kai dai yi askinka," Baballe direba ya ce. "Yarinya ya bi Zariya."

Ilu ya zo gyara ƙyallen wuya, hannunsa ya taɓa na Tanimu. Ya tsaya cak.

"Malam Tanimu, zobenka sanyi ƙalau! Ai ko an sace na yaro, na uba ba ya hucewa, sai in shi ya tsinke haɗin."

Tanimu ya sunkuyar da kai.

"Jarrabawa ya faɗi. Na tsinke a gabansa, don in tsorata shi kawai. Ko uwarsa ban gaya wa ba."

Ba wanda ya sake kawo hasashe. Ilu ya ƙarasa askin.

Mujittaba zai iya mayar da haɗin daga nasa zoben duk ranar da ya so. Ko ƙi ya yi, ko ba ya da halin yi, har yau Tanimu bai sani ba.