Jar Alama

"Wallahi ɓarakar a ɓangarenki take!"

"Naka dai, Malam," in ji matarsa.

Gobe za su miƙa wa direbobin tashar Kawo manhajar tikitin da suka rubuta tare, kowa da ɓangarensa, ga shi ɗan kutse na iya kwashe lambobin fasinjoji. Ta yi wa wani gurɓataccen saƙo jar alama, ta tura shi cikin manhajar don su ga hanyar da zai bi.

Saƙon ya ratsa ɓangaren mijin ba tantancewa. Ta tuntsire da dariya, ya ɗaure fuska. Sai saƙon ya ratsa nata ma, haka nan.

"Ai ke na bar wa tantancewar," ya ce.

"Ni kuwa na ɗauka ka yi."

Dariya ta ƙwace masa. "To wa zai ba wani haƙuri?"