Shuni a Farin Ƙyalle

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wata Juma'a bayan la'asar, Baba ya ja hannuna muka tafi zawiya. Mun baro ƙanwata Rabi a kwance, ƙyanda ta hana ta ko buɗe ido.

Baba marini ne a Ƙofar Mata, shuni ya kama hannuwansa. Shi ya sa idan aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar da'irar zikiri, sahun baya yake zama. Ran nan kuwa ya ratsa mutane ya durƙusa a gaba. Ana ta "La'ilaha illallah", muryarsa ta danne ta kowa har ta dishe. Sai na ga ya damƙi gefen ƙyallen, gumi na zubo masa, yana cewa, "Ya Allah, bar mini ita."

Wani dattijo ya miƙo hannu zai janye shi. Muƙaddami ya girgiza kai: "Rabu da shi, Malam. Zai wanku."

Da aka naɗe ƙyallen, na ga shatin yatsunsa, shuɗi.

Ya wanku ɗin. Rabi ce ba ta kai Asabar ba. Har yau, duk zawiyar da na shiga, gefen ƙyallen nake fara dubawa.