Kalma Ta Bakwai

Tun da aka soke takardar kuɗi, dukiyar kowa ta koma cikin waya, makullinta kalmomi goma sha biyu da ake haddacewa, ba a rubutawa, ba a faɗa wa kowa. Inna Yalwa ta haddace nata tsaf. Ranar da wayarta ta faɗa kaskon mai, ɗanta na fari ya sayo mata wata, ya ce ta shiga ɗaki ita kaɗai ta karanto mata kalmomin, jarinta na ƙosai ya dawo.

Ta fara tiryan-tiryan: "Tulu, gero, tsani..." Da ta zo kan ta bakwai sai ta cije. Sabo. Sunan ɗan nata ke nan, kuma kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin bakinta ya furta shi ba.

"Wanda ba tsoho ba," ta ce.

"Ba a gane ba," in ji wayar.

"Sunan yaron nan mana! Ke ba ki da ta ido ne?"

"Saura dama ɗaya."

Ta ja tsaki. Duk kalmomin duniya a rasa wadda za a ba ta sai wannan? Ga wake ya ƙare, mai wake kuma ba ya karɓar kunya. Ta runtse ido, ta sake daga farko, ta faɗi sunan da ƙarfi don kada a ce ba a gane ba.

Daga tsakar gida wata murya ta amsa: "Na'am, Inna?"

"An ji murya ta biyu," in ji wayar. "An rufe asusu."