Murhun da Ba Shi da Bututu

Zauna, Ɗantani, ka ajiye mukullin babur ɗin nan, kasuwa ba guduwa za ta yi ba. Tun ɗazu nake ce maka garin da aka tura ka aiki garin sanyi ne, ka tambayi mutanen wurin kafin ka sayi murhun ɗumama ɗaki, kai kuma bakinka bai gaji da "ai a gida haka muke yi" ba. Wallahi maganar nan tana ɓata mini rai. Bari in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

Wani falke ne mai sayen masara, mutumin ƙasar zafi, irin inda ake kwana a tsakar gida rabin shekara. Fatauci ya kai shi saman tsaunin Mambila, ya ga wurin da albarka, ya gina gida na bulo da siminti, da sili, da tagogin gilashi. Mahaifiyarsa ta tsufa, ba kowa a gabanta, sai ya je ya ɗauko ta. Mutumin kirki ne, kada ka ji an ce wani abu daban. To amma sanyin can ba irin wanda ka sani ba ne. Damina na sauka hazo zai rufe gari, bango ya yi ta naso, bargo ma sai ka ji shi kamar an yayyafa masa ruwa. Tsohuwa ta kama tari, gwiwoyinta suka ƙage, ko alwala sai an ɗumama mata ruwa. Hankalin ɗan ya tashi, ya ce ba zai raba uwarsa da garinta ya kawo ta sanyi ya kashe ba.

Sai ya nufi wurin maƙeri. Murhu iri biyu ya tarar, dukansu totuwar masara suke ci da diddigar katako, shi kuwa falke totuwa ga ta nan tuli a bayan shagonsa. Ɗaya rufaffe ne, da dogon bututu da ake fasa bango a fitar waje. Ɗayan buɗaɗɗe, kamar kaskon wuta na gida, sai dai na ƙarfe. Maƙeri ya kunna mai bututun don ya gwada masa. Falke ya kai hannu jikin bututun, ya janye da sauri, ya ce, "Af, ashe zafin waje yake tafiya? Uwata zan ɗumama ko sararin Allah?" Maƙeri ya ce ɗakin kwana dai mai bututu ake sa wa, wancan na rumfa ne. Falke ya yi dariya. Tun yana goye uwarsa ke kwana da kaskon garwashi a gindin gado, ba abin da ya taɓa samunta, yau wani zai koya masa wuta? Ya ɗauki buɗaɗɗen ya yi gaba.

Kuma fa ba ƙarya ya yi ba, da kasko take kwana. Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne ɗakin da take kwanan. Ɗakinta na gida jinka ce a samansa, asabari a ƙofa, iska na shiga ta nan ta fita ta can, ba wanda ya taɓa lura don ba wanda ya taɓa buƙatar lura. Wannan kuwa ɗaki ne da in ka rufe ƙofa ka rufe. Shi a saninsa hayaƙi shi ne abin da ido ke gani. Bai san garwashi ko ya yi jawur yana fitar da wata iska mai guba da ido ba ya gani ba. Don haka kullum da magariba sai ya hura totuwa a waje, ya yi ta fifita har baƙin hayaƙin ya wuce, garwashi ya yi jawur, sannan ya kai mata ciki. Tsohuwa ta ji ɗumi, ta yi ta sa masa albarka.

Ba a jima ba ta fara tashi da ciwon kai da jiri, wani lokaci har da tashin zuciya. Ka san me ya ce? Ya ce sanyi ne har yanzu yake samun kafa. Kaico! Ya samo tsummoki ya cusa a ƙarƙashin ƙofa, ya bi gefen tagogi da buhun leda ya liƙe, ya bi ko'ina da tafin hannu yana laluben inda iska ke shigowa. Da ya gama ya ƙara mata garwashi fiye da na kullum, ya ja ƙofa, yana jin daɗi a ransa ya yi wa uwarsa hidima.

Da asuba bai ji motsin butarta ba. Ya ce bari ta huta, ai ta daɗe ba ta samu barci irin wannan ba. Ya je masallaci ya dawo, ya sa aka dama mata koko, ya ɗauko da kansa. Ya yi sallama shiru, ya sake shiru. Da ya tura ƙofa ɗakin na nan da ɗuminsa, tana kwance a gefenta na dama, bargo har wuya, ko alamar ta yi juyi babu. Ya kira "Inna" ya fi a ƙirga. Maƙwabta ne suka zo suka ɓamɓare ledar tagogin, suka janye shi waje don shi ma ya fara tangaɗi.

Duk lokacin da na tuna mutumin nan sai tausayi ya kama ni, Ɗantani. Bai yi rowa ba, bai yi sakaci ba. Kowane tsumma da ya cusa a ƙofar nan don ƙaunarta ya cusa, kuma da hannunsa ya toshe mata numfashi. Yanzu tashi ka tafi kasuwar, amma ka tafi da wannan a kunnenka: rashin sani ya fi dare duhu.