Shida Uku a Ranar Suna

Tun da aka kafa dokar daidaito, ranar suna ake jefa wa jariri 'ya'yan lido uku masu ɗigo ɗaya zuwa shida, su yanke masa ƙarfi, basira da lafiya. Idan rabonsa ya zarce na sauran yara, daga jikin wani ɗan gidan ake cire rarar.

Tukur ya tsuguna, yana roƙon Allah 'yarsa ta zo tsaka-tsaki. Jami'ar hukuma ta jefa, duka ukun suka tsaya a shida. Babu wadda ta yi guɗa.

"Daga wa za a cire, Malam?"

Mahaifiyarsa ta riga shi miƙa hannu.

"Inna, da aka cire miki a sunan ɗana na fari, har hanyar gida kika manta!"

Jami'ar ta riga ta ɗora mata na'urar cirewa. Can tsohuwar ta dubi Tukur da fara'a.

"Bawan Allah, sunan 'yar wa ake yi?"